Wanda bai zo aji ba, ina yake?

A takarda, makarantun Nijar suna buɗewa ne a farkon Oktoba. A makarantar da nake koyarwa, can gefen garin Tawa, ranar da hukuma ta sa daban, ranar da aji yake cika daban. Oktoba tsakiyar girbi ne. Yaro ɗan shekara goma hannu ne a gona: shi ke kai wa masu yankan hatsi ruwa da fura, shi ke jan dammuna zuwa bakin amalanke, ƙannensa mata suna roron wake. Uban da hatsinsa ke tsaye, tsuntsaye na sauka a kai, ba zai saki wannan yaro ba don kawai darakta ya buga ƙararrawa. Ko ya sake shi ma, wani lokaci babu ajin da zai shiga. Wasu azuzuwanmu na zana ne, kuma ajin zana ba ya tashi sai ruwa ya ɗauke, an gama girbi, an samu kara. Makonnin farko, ɗakin siminti ɗaya ke ɗaukar aji biyu, sauran kuma a gindin dogon yaro.

A makarantar horon malamai an koya mana tsara darasi a rubuce, minti nawa na gabatarwa, minti nawa na gwaji. Yana da amfani, har yau da shi nake aiki. Amma karanta rajistar kiran suna, aikin da kansa ne ya koya mini. Kowace safiya a kira sunaye, wanda ya zo ya amsa, wanda bai zo ba a sa masa alama, a rufe littafi. Malamai da yawa iyakarsu ke nan, tunda insifekta in ya zo abin da yake dubawa shi ne ko an cike. In ka buɗe shafin wata guda ka bi alamun nan da yatsa, za ka ga ba a warwatse suke ba. Ruwa ba ya tsami banza. Akwai masu ɓacewa tare, akwai masu makara kullum amma ba sa fashi, akwai kuma wanda bai taɓa fashi ba, sai a wayi gari ya yanke gaba ɗaya.

Na lokacin sanyi su ne masu sauƙin ganewa. Disamba da Janairu iskar hunturu na ratsa zana ta ko'ina, yaron da ba shi da rigar sanyi gara masa ya tsaya bakin murhu sai rana ta ɗaga, ga shi da yawansu sun riga sun yi zaman karatun allo tun asuba kafin su ɗauko kaye, wato littafin rubutu na boko. Ƴan mata masu makara kuwa, layin famfo ne ke riƙe su. Duk ranar da ruwa bai zo unguwa ba, na san bencin gaba zai daɗe babu kowa. Bulala ba ta kawo ruwa a famfo. Abin da nake yi shi ne in fara da bitar darasin jiya, in ajiye sabon har aji ya taru.

Fashin da ya fi ba ni aiki shi ne na bayan girbi, kuma tushensa cin rani. Duk wanda ya san Adar, yankinmu na Tawa, ya san da an zuba hatsi a rumbu maza ke ɗaure kaya, wasu Abijan, wasu Najeriya, wasu su bi ta Agadas zuwa Libiya ko Aljeriya. Gida ya koma hannun mace. In aike na zuwa a kan kari, yara ma na zuwa makaranta a kan kari. In ya yi jinkiri, farantin talla ke hawa kan ƴar da ta fi wayo a gidan, kuma sau da yawa ita ce ta fi kowa ƙoƙari a aji, don wayon ɗaya ne.

Haka wata yarinya a ajin CE2, aji na huɗu na firamare, ta yanke mini. Ban tafi gidansu ni kaɗai ba, don namiji ba ya faɗa wa gidan da mai gida ba ya nan. Na nemi wata dattijuwa daga ƙungiyar iyaye mata ta makaranta, na ce mata, "Inna, in ba damuwa ki raka ni." Bayan la'asar muka yi sallama, aka shimfiɗa mana tabarma a zaure. Da aka gama gaisuwa dattijuwar ta ce, "Ke ɗiyata, Mushe ne, malaminsu, ya ce kwana biyu bai ga jikata ba. Lahiya dai?"

Uwar ta ce, "Lahiya lau, Inna. Ubanta ne tun da ya tahi ba mu ji ɗuriyarshi ba. In ba ta kai abincin nan tasha ba, mi za mu ci da dare?"

Na zo da maganar amfanin ilimi cike da baki, amma dattijuwar ba ta bi ta nan ba. Sai ta tambaya: da safe aka fi ciniki a tasha ko da marece? Aka ce da marece, lokacin da motoci ke shigowa. Ta tambayi wa ke da ƴa babba a maƙwabta wadda dama can take zuwa da safe. Kafin mu tashi an shirya: kayan safe za a haɗa wa maƙwabciya, yarinya ta zo aji, da marece ta ɗauki nata. Wani zai ce talla ba ta dace da yarinya ba ko da safe ko da marece. Na yarda. Sai dai a zauren nan ba a ba mu zaɓi tsakanin talla da rashin talla ba, kuma yarinyar ta koma aji ta ƙare shekarar. Wata kuma da ke CM1, aji na biyar, mun bi wannan hanyar, mun koma, mun haɗa da liman, ba ta dawo ba. Kafin damina aka ɗaura mata aure.

Maza nasu daban ne. Daga CM1 idonsu ke fara buɗewa. Suna ganin yayyensu sun dawo daga cin rani da babur da babbar waya, suna kuma ganin mushensu ɗan kwantaragi yana cin bashin shinkafa a shago in albashi ya makara. Ba su da wauta, sun iya kwatanta biyun. Na daina ce musu boko ya fi saurin kawo kuɗi, don sun san ba haka ba ne. Abin da nake ce wa yaro shi ne: to, za ka Abijan, da wane harshe za ka yi magana da ɗan sanda a can? Wa zai karanta maka takardar da za ka sa wa hannu? In mai gidanka ya yi maka lissafin wata shida, ta yaya za ka san bai ci ka ba? Wannan maganar tana shiga, har iyayen ma, domin kusan kowane gida akwai wanda aka taɓa cuta a can saboda bai iya karatu ba.

Duk wannan zirga-zirga ba ta yiwuwa in malami shi kaɗai ne. Kwamitin kula da makaranta, wanda kowa ke kira Kojes, shi ne ƙafafunmu a unguwa. A jiharmu ta Tawa aka fara gwada wannan tsari sosai, a wani shiri da Japan ta tallafa tun daga 2004, kafin ya bazu cikin ƙasa. Abu biyu ne suka sa ya kama: mutanen unguwa ke zaɓen shugabannin kwamiti a asirce, ba mai unguwa ne ke naɗa ƙaninsa ba, sannan abin da za a yi a shekara a gaban taro ake tsara shi, a gaban taro kuma ake faɗin abin da aka tara da abin da aka kashe. Na ga shekarar da ma'aji ya tsaya ya karanta har kuɗin igiya da na ƙusa, jama'a na dariya, amma da aka sake neman gudummawa ba wanda ya noƙe. Na kuma ga shekarar da aka ce "an kashe a kan ayyuka" a dunƙule. Da aka kira taro na gaba, tabarmi sun fi mutane yawa.

Mafi yawan abin da unguwa ke bayarwa ma ba kuɗi ba ne. Wannan ya kawo zana biyu, wancan ya kawo dirkoki, samari su zo ranar Asabar su kafa, mata su kawo randa su cika. Abin sha'awa ne a gani, kuma baƙi masu zuwa da mota suna son ɗaukar hotonsa. Ni dai tun 2021 ba na kallon ajin zana da daɗin rai. A Afrilun shekarar gobara ta tashi a wata makaranta a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara wajen 20 suka rasu, galibinsu ƙanana. A Nuwamba aka sake yin irinta a Maraɗi, fiye da 20 suka tafi. Bayan nan muka matsar da masu tuyar ƙosai da awara nesa da shinge, muka bar rata tsakanin rumfa da rumfa, muka buɗe wa kowace ƙofa biyu, ƙananan yara kuma muka ba su ɗakunan siminti, manya suka koma zana. Ashana in aka gan ta a aljihun yaro, har gidansu ake zuwa. Iyakar ƙarfin unguwa ke nan. Gina aji na ƙwarai aikin hukuma ne, kuma ina jin haushi duk lokacin da na ji ana yabon ƙoƙarin iyaye da irin muryar da ke nufin to ai sun wadatar.

Akwai wani fashin da rajista ba ta kamawa: yaro ya zo, ya amsa sunansa, ya zauna har a tashi, amma bai ji komai ba. A CI, ajin farko, ya fi yawa. Ɗan shekara shida ko bakwai da bai taɓa jin Faransanci a gida ba, ran farko aka tare shi da shi. Yana iya maimaita jimla da kyau, har da karin muryar mushe, ba tare da ya san abin da ta ƙunsa ba. Maganar koyarwa da harshen gida ba sabuwa ba ce a ƙasar nan. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji da Hausa a Damagaram, kuma a Maris 2025 sabon kundin tafiyar da ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama na aiki. A ajina dai littattafan da ke cikin akwati na Faransanci ne, don haka ni ke haɗa gadar da bakina.

A lissafi abin ya fi fitowa fili. Yarinyar da ke ba direbobi canji a tasha ba ta taɓa yin kuskuren dala ɗaya ba, sai ga ta ta kasa 25 da 25 a kan allo. Dalili shi ne ita da dala take ƙirga. Kuɗin da littafi ya rubuta 100, a wurinta dala ashirin ne. In ka ce mata ɗari kuwa, hankalinta na kan abin da littafi ke kira 500. Lissafi biyu ne ke karo a kanta, kuma ba wanda ya taɓa gaya mata cewa biyar ce tsakaninsu. Yanzu ina zuwa aji da tsaba a aljihu. In ɗaga ɗaya, su faɗi sunanta na kasuwa, in juya musu su karanta lambar da ke jiki, mu rubuta biyun gefe da gefe. Daga nan jadawalin biyar ba ya ba kowa wuya, kuma masu talla ne ke gaba. Ƴaƴan Buzaye da na Fulani da ke ajin kuwa, wasunsu Hausar ma ba ta zauna ba tukuna. Su nakan zaunar kusa da wani babba mai jin harshen gidansu, in ƙyale su su yi raɗa.

Na ƙarshe shi ne sunan da ke cikin rajistata amma babu shi a ta gwamnati. Yara da dama a gida aka haife su, aka yi suna, aka yanka rago, ba wanda ya je ma'aikatar magajin gari. Ana karɓarsu a CI haka nan, kowa ya manta, sai an kai CM2, ajin ƙarshe, ana haɗa takardun wucewa kwaleji a tarar babu takardar haihuwa. Lokacin uba yana Libiya, uwa ba ta san ƙofar da za ta bi ba, kuma tunda wa'adin rajista ya daɗe da wucewa, sai an bi ta kotu an samo takardar da ke maye gurbinta. Yaro mai ƙoƙari kan tsaya a nan, ba don ya faɗi ba.

Shi ya sa yanzu tun ranar ɗaukar sababbi ake zaunar da sakataren Kojes kusa da darakta da nasa littafin. Duk wanda ya zo babu takarda a rubuta shi, a tara sunayen a kai su a dunƙule, tun da sauran shekara biyar a gaba. Wurin da aikin ke cijewa shi ne shekarar haihuwa. Uwa za ta ce, "Mushe, da damanar da ruwa ya rushe mamu katanga ne, ina goyonshi ubanshi ya yi tahiyar hwarko." Sai a kira wata maƙwabciya da ta haihu a damina ɗaya da ita a asibiti, a ɗauko katin awon ɗanta, a duba shekarar a rubuta.