Godiya ga Duk Wanda Ya Tsaya Mana Kan Lamarin Autanmu

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Inna ce ta ce kada in bari makon nan ya fita ban rubuta wannan ba, don ba za ta iya bin gida-gida ta yi godiya ba. Alhamdu lillahi, Auta yana raye, ko ƙwarzane babu.

Ga waɗanda labarin bai kai musu ba, bayan ya gama makarantar koyon aikin jirgin ruwa ta Oron, Allah Ya kai rabonsa Giranada, can yankin Karebiyan, yana aiki a wani ƙaramin jirgi mai tafiya da iska. Mako biyu bayan Babbar Sallah aka ce guguwar Beryl ta nufo su. Ranar Litinin 1 ga Yulin 2024 ta afka wa tsibirin Kariyaku na ƙasar Giranada da iska mai gudun kilomita 240 a awa guda. A can hantsi ne, mu kuwa nan Jekadafari a Gombe muna sallame la'asar. Daga nan wayarsa ta daina shiga, sai ranar Laraba muka ji muryarsa.

Kwana biyu kafin ta iso ya riƙa kirana yana gaya mini abin da suke yi shi da maigidansa, dattijon da ya ga ɓarnar guguwar Ivan a 2004 da idonsa. Sun kai jirgin wani lungun ruwa a kudancin ƙasar, inda tuddai ke tare iska. Suka kwance manyan ƙyallayen da iska ke turawa, da rumfa, da farantan sola, suka shigar ciki, domin duk abin da iska ta samu ta kama, da shi za ta ja jirgin. Suka jefa anka biyu nesa da juna, wato ƙarfen da ke kama ƙasan ruwa ya riƙe jirgi, suka saki sarƙa kusan ninki goma na zurfin ruwan, sannan suka haɗa da igiyar nailan mai miƙewa don ta sha fizgar igiyar ruwa. Suka cika batir saboda famfon kwashe ruwa, suka toshe kowace kafa.

A nan ne zan gode wa Baffanmu na Dadin Kowa, wanda ya tsufa yana kamun kifi a dam. Na je masa da zancen hankalina a tashe, ya ce, “Gaya wa yaron nan, igiya ba ta tsinkewa a tsakiya, inda take goga nan take ci.” Na isar da saƙo a daren. Auta ya yanka tsohon tiyo ya zura wa kowace igiya daidai inda take shafar bakin jirgi. Da suka koma, tiyon ɗaya ya cinye saura ƙiris, amma igiyar na nan. Baffa, Allah Ya ƙara girma da lafiya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ya so ya kwana cikin jirgin, wai don ya lura da igiyoyi. Inna ta karɓi wayar ta ce, “Auta, ka ɗaure abin da za ka ɗaure, ka fita. Ban yarda ba.” Maigidan nasa ma haka ya ce masa. A ganina wannan ne mafi girman aikin da suka yi, don idan iska ta kai haka mutum ko tsayuwa ba zai iya ba a saman jirgi, balle gyaran igiya. A gidan siminti na wasu bayin Allah ya fake, mutanen da ba addininmu ɗaya ba, ba su taɓa jin sunan Gombe ba, suka ba shi abinci da shimfiɗa. Na roƙe shi ya karanta musu wannan.

Liman da jama'ar masallacin unguwa da kuka yi ta addu'a bayan kowace salla, Goggo da ta baro Kumo ta kwana biyu tare da Inna, matan maƙwabta da suka ɗauke mana girki, da ɗalibin nan da ya zauna da ni har asuba yana duba mini hanyar guguwar a intanet, Allah Ya saka muku da alheri, Ya bar zumunci.

Kada mu manta da mutanen Kariyaku a addu'a. An rasa rayuka, gidaje kaɗan ne suka tsira da rufinsu, kuma jirage da yawa da aka ɓoye cikin itatuwan bakin ruwa sun hau kan juna. Auta ya ce gobe za su loda ruwan sha da tamfol su kai musu.