Abin da koyar da rabawa a aji huɗu ya koya min

Duk malamin firamare da ya taɓa riƙe aji uku ko huɗu ya san wannan matsalar. Yara sun haddace taims tebur tsaf, ka ce su karanto na bakwai su rera maka shi tun daga "sebin taims wan" har ƙarshe babu gargada, amma kana rubuta 56 ÷ 7 a allo sai aji ya yi tsit, kowa ya sunkuyar da kai ya hau zana 'yan ƙwallaye a bayan littafi. Ƙwallaye 56 fa! Kafin yaro ya gama zanawa ya kasa su bakwai bakwai an kaɗa ƙararrawar tara, kuma ko ɗaya ya tsallake a ƙirga shikenan amsa ta lalace. Wallahi abin yana damuna, don amsar tana bakinsa, yanzun nan ya gama rera ta.

Tun da na gama NCE a FCE Zariya na kama koyarwa a nan Tudun Wada, babban abin da aikin ya nuna min shi ne yara suna ɗaukan ninkawa da rabawa darasi biyu ne da ba su haɗa hanya ba, alhali tambaya ɗaya ce aka juya ta. Akwai wata yarinya a ajina da ke tallan awara bayan an tashi, a takarda rabawa na ba ta wuya sosai, ranar nan na ce mata, in awara ɗaya naira 50 ce na ba ki 300 guda nawa za ki ba ni? Ko numfashi ba ta ja ba ta ce shida Malam. Na ce ya aka yi kika sani, ta ce ai hamsin shida ɗari uku ne. To kun ji, ba ta raba komai ba, ninkawa ta tuna.

Daga nan duk rabawar da zan bayar sai na rubuta 'yar'uwarta a gefe. 56 ÷ 7, a kusa da ita 7 × wani abu = 56, in bar gurbi, in tambaye su bakwai sau nawa ne zai ba mu 56. Muna kuma yanka kwalin taliya mu yi kati mai kusurwa uku, mu rubuta 56 a sama, 7 da 8 a ƙasa, yaro ya danne ɗaya da babban yatsa ɗan'uwansa ya faɗi wadda aka rufe. Kati ɗaya lissafi huɗu kenan: 7 × 8, 8 × 7, 56 ÷ 7 da 56 ÷ 8. Jadawalin da ke bayan littafin rubutu ma, na 1 zuwa 12, lissafi 144 ne amma tunda 7 × 8 da 8 × 7 duk abu ɗaya ne ainihin na haddacewa 78 ne kacal, kuma in ka faɗa wa yara haka za ka ga har fuskarsu ta saki.

Inda suka fi cijewa gidan shida, bakwai da takwas ne, musamman 54 da 56, kullum sai sun rikita su. Sai in tuna masu cewa a gidan tara, daga 9 har 90, in ka tara lambobin amsar tara za su ba ka. 5 da 4 tara ne, kenan 54 na gidan tara ne, 56 kuwa 11 take bayarwa, ba ta ciki. Gidan biyar da na goma ba sa ba kowa wahala.

Sai kuma mai saura, nan ne nake daɗewa. A raba lemo 50 ga mutum 6. Babu 50 a gidan shida, to sai mu nemi wadda ta fi kusa ba ta wuce ba, 6 × 8 = 48, 6 × 9 = 54 ya yi yawa, kenan kowa takwas saura biyu. Wani zai ce maka bakwai saura takwas, kuma in ka duba lissafinsa bai ɓata ba don 42 da 8 hamsin ne, ni ba na ce masa ya faɗi, tambayarsa nake yi, lemo takwas a faranti ga mutum shida zaune, an gama rabo kenan? Da kansa zai yi dariya ya ce a'a Malam a ƙara wa kowa ɗaya. A haka suke gane cewa dole saura ya gaza abin da ake rabawa da shi, ba sai na rubuta masu doka ba.

Iyaye don Allah, in za ku yi wa yaro bita da daddare kar ku ce karanto na shida daga farko, wannan ya iya. Ku tsinko masa daga tsakiya, shida sau nawa ne 42, in ya amsa ku ce to 42 a raba bakwai fa. Wanda ya riƙe 24 ÷ 6 a ka, gobe in ya ga 240 ÷ 6 zai ce 40 ba tare da ya zana ƙwallo ko ɗaya ba, kuma a aji biyar doguwar rabawa na jiransu, kowane mataki nata sai an koma wa taims tebur ɗin nan.