Ginshiƙin da yake tare ruwa

A ajinmu na haƙar ma'adinai na ɗauka ginshiƙin kwal, wato kwal ɗin da ake bari ba a haƙa ba don ya tallafi rami, lissafi ne kawai: ka auna faɗinsa da tsayinsa, ka san nauyin dutsen da ke kansa, ka bar wanda zai riƙe rufi. Haka na fahimci ƙa'idar lissafin ƙarfin ginshiƙi ta masu bincike Salamon da Munro ta 1967, wadda aka fitar bayan ginshiƙan ramin Coalbrook a Afirka ta Kudu sun rufta a 1960, mutum sama da 430 suka rasu.

Da aka ba mu aikin shimfiɗar kwal mai gangare, wato layin kwal da ya karkata a cikin ƙasa, na yi lissafin yadda na saba, na miƙa. Malam ya dubi takardar ya ce, "To ina ruwan yake?"

Ban sa ruwa a ciki ba ko kaɗan. Sai ya zana mini yadda abin yake. A shimfiɗar da ta kwanta, nauyi yana danne ginshiƙi daga sama ne. A mai gangare kuwa yana dannawa yana kuma turawa, ginshiƙin yana neman zamewa a kan daɓensa. In daɓen nan yumɓu ne kuma ya sha ruwa, sai ya yi santsi kamar bakin rijiya. Ga shi ruwa gangare yake bi, ya je ya taru a can ƙasa inda ake aiki.

Labarin Chasnala ne ya fi tsaya mini a rai. A ranar 27 ga Disamba 1975, kusa da Dhanbad a Indiya, ruwan da ya cika wani tsohon rami ya fasa katangar kwal ɗin da aka bari tsakaninsa da sabon aikin da ke ƙasansa. Mutum fiye da 370 ruwa ya ci. Katangar ba ta kai kaurin da ake zato ba. Ruwa mai zurfin mita 100 yana matsa kowace murabba'in mita da nauyin tan 100, kuma famfo ba ya ceton kowa a irin wannan lokaci.

Tun daga nan tsohuwar taswira ba ta kwantar mini da hankali. Wani ne ya auna, wataƙila cikin gaggawa, wataƙila an ci gaba da ɗibar kwal bayan ya naɗe takardarsa. In aiki ya kusanci tsohon rami, sai a huda rami siriri a gaba da gefe da gefe, a ga abin da zai fito kafin mutum ya matsa. Yana cin lokaci, masu son ganin kwal a mota ba sa son sa, amma ni ba zan sa hannu a takarda ba sai an yi.