Bakin injekta mai milimita 90 da na saka wa IS300, da dalilin da na cire shi

Motar Lexus IS300 ce ƙirar 2002, tokumbo, mai giyar hannu. Injinta 2JZ-GE ne, lita uku, silinda shida a layi ɗaya. Shekara guda kenan da na ɗora mata turbo ɗaya a garejinmu da ke Kaduna, matsin iska rabin bar kawai, domin wannan injin ba irin GTE na Supra ba ne da aka haifa da turbo. Matsewar silindarsa 10.5 ce, ta GTE kuwa 8.5, ga man da muke sha a gidajen mai ba ya jure wasa. A haka motar tana tafiya lafiya lau.

Abin da ke damuna shi ne manifol ɗin iska na kamfani, akwatin da ke raba wa silindoji iska. Duk wanda ya taɓa buɗe bonet ɗin wannan mota ya san shi: yana tasowa daga gefe guda, ya haye ta saman injin, ya ajiye bakin injekta, wato ƙofa mai faifai da ke buɗe wa inji iska in an taka totur, a ɓangaren salansa. Da babu turbo ba laifi, sai dai kafin ka kai ga fulogi dole ka kwance kaya da yawa. Amma da turbo ta zauna a wannan ɓangaren, iskar da intakula ta sanyaya sai ta sake bi ta gefen ƙarfen da ke jan wuta kafin ta shiga inji. A watan Afrilu, in na tsaya a cunkoson Kawo, bututun nan ba ya taɓuwa da hannu.

Shi ya sa na yi odar manifol mai kallon gaba, na alminiyom, wanda ke karɓar iska daga gefensa kai tsaye. Na tabbatar na GE ne, irin injina, saboda na GTE ba ya hawa kan top silinda na GE, ramukansu ba ɗaya ba ne. Ya iso da nasa bakin injekta mai faɗin milimita 90, hannuna yana shiga ciki har wuyan hannu. Na yi murna ƙwarai. A tunanina turbo na turo iska da yawa, to ƙofa mai faɗi ita ce daidai da ita.

Maigidana, wanda a hannunsa na koyi aiki tun ina wankin sifana, ya ɗauki abin ya juya shi, ya buɗe faifan da yatsa ya saki. Ya ce, "Ɗana, bututunka inci nawa ne?" Na ce, "Biyu da rabi, Baba." Ya ajiye ya koma kan aikinsa, bai ƙara cewa komai ba. A lokacin ban gane tambayar ba.

Ɗaurawa ta ci mana kwana huɗu. Sai da muka matsar da tankin man sitiyari, muka je Panteka aka lanƙwasa mana sabon bututu aka yi masa walda. Da muka tayar, injin ya kama, amma allurar juyin inji ta tsaya a 1,600 ta ƙi sauka. Na haɗa murfi da bawul ɗin taya, na toshe bakin turbo, na hura iska da kwampreso, na bi mahaɗa da ruwan sabulu. Tsakanin silinda ta uku da ta huɗu kumfa ta taso kamar ana dafa ta. Na kwance manifol ɗin, na ɗora ƙarfen awo a kan fuskarsa na ɗaga sama, sai ga hasken rana yana ratsowa ta tsakiya. Zafin walda ya murɗe fuskar tun daga inda aka ƙera shi. Masu gogar top silinda ne suka daidaita mana ita.

Yoyon ya tsaya, sai kuma matsalar silo ta fito. Bakin injekta na asali a IS300 yana da ƙaramar mota ta lantarki a jikinsa, tsarin da Toyota ke kira ETCS-i. Wayar totur tana jan sansa ne, birenbos kuma, wato kwamfutar motar, shi ke buɗe faifan, kuma da wannan motar yake riƙe silo in an kunna AC ko an juya sitiyari. Sabon da na saka waya ce zalla da faifai, babu abin da ke ba inji iska in ƙafa ta sauka daga totur. Da safe sai na riƙe shi da ƙafa har ya ɗumama. In na kunna AC a tsaye, ya mutu. Na juya noti na ɗan ɗaga faifan, sai ya yi yawa, domin a kan da'ira mai milimita 90 rabin juyi ma iska ce mai yawa. Wannan na warware shi da bawul ɗin silo daban wanda birenbos ɗin da na ƙara yake sarrafawa. Aiki ne na kwana ɗaya, da na yi tunaninsa tun farko.

Wanda bai warwaru ba shi ne tuƙi. A cikin gari motar ta zama doki marar linzami. Ka ɗan taɓa totur ta zabura, ka ɗaga ƙafa ta dunƙule. A giya ɗaya da biyu kan mutum sai kaɗawa yake gaba da baya. Tashi a kan tudu ya koma faɗa tsakanin kuloci da totur. Ranar da na ɗauko Hajiyarmu daga asibiti, muna tafe a hankali cikin cunkoso, ta dafa gaban mota ta ce, "Kai, ko motar ba ta da lafiya ne?" Wannan maganar ta zauna mini a rai, domin tana fama da ciwon baya, kuma kowace zabura a jikinta take ƙarewa.

Na haɗa kwamfuta na duba abin da sansa ke rubutawa. A juyi 2,000, kafin totur ya kai kashi ɗaya cikin biyar, matsin cikin manifol ya riga ya kai na iskar waje. Ma'ana injin ya samu duk abin da zai iya haɗiya a wannan juyin, sauran tafiyar ƙafata ba ta ƙara komai. Duk ikon da direba ke da shi a kan motar ya matse cikin ɗan motsin babban yatsa.

Daren nan na zauna da biro da takarda. Injin lita uku yana shaƙar iska sau ɗaya a kowane juyi biyu. A juyi 6,000 a minti, lita 9,000 kenan, wato lita 150 a daƙiƙa. A nan ne na ga inda na ɓata lissafi. Turbo ba ta ƙara wa silinda girma. Matse iskar take yi, ta yi nauyi, yadda ake danna gari a mudu: garin ya ƙaru, mudun yana nan yadda yake. Bakin injekta kuwa bayan turbo yake, don haka iskar da ke ratsa shi ta riga ta matsu, kuma adadin litar da ke wucewa kusan ɗaya ne, ko da turbo ko babu. Lita 150 ɗin nan a ƙofa mai milimita 70 tana gudun mita 39 a daƙiƙa, a mai 90 kuma mita 24. A bututuna na inci biyu da rabi, wato milimita 63.5, tana gudun wajen mita 50, kuma ta yi tafiyar da ta fi mita biyu a cikinsa kafin ta iso. Tambayar Baba kenan. Faɗin ramin 90 ya fi na 70 da kashi 65 cikin ɗari, ya kuma ninka na bututun da ke ciyar da shi. Na gina ƙofar fada a ƙarshen lungu.

Don kada in tsaya kan takarda, bayan na samo mai milimita 70 aka sassaƙa mini farantin da zai haɗa shi da manifol, na saka geji biyu, ɗaya kafin faifan, ɗaya bayansa. Muka fita hanyar Zariya da sassafe, yarona yana riƙe da su, na danna a giya uku har kusa da jan layi. Allurorin biyu tare suka hau, tare suka tsaya. Ƙaramin bai riƙe komai ba. A gari kuwa ƙafata ta dawo da ikonta. Na kuma zaɓi wanda kaskon wayarsa ba zagayayye ba ne, yana buɗewa a hankali da farko sannan ya yi sauri, wannan ma ya taimaka sosai. Masu birenbos da ke iya tuƙa na lantarki suna da hanya mafi sauƙi: Bosch na yin masu milimita 68, 74 da 82, a kwamfuta ake tsara yadda faifai zai bi ƙafa, silo ma shi ke riƙewa. Babban baki yana da gurbinsa, a motar tsere mai bututun inci uku da rabi ko huɗu, wadda ke rayuwa a saman juyi. Tawa ba ita ba ce.

Akwai abin da ya fi wannan tsoratar da ni, kuma a fulogi na gan shi. Bayan mako biyu na kwance su shida na jera a kan kwali bisa tsari. Na ɗaya zuwa na huɗu launin ƙasa-ƙasa, yadda ake so. Na biyar ya yi haske. Na shida fari fat, da ɗigo-ɗigo ƙanana a jikin farin kaskonsa kamar an barbaɗa barkono. Sansar salansa ba ta taɓa nuna mini wannan ba, saboda hayaƙin silinda shida take haɗawa ta ba da matsakaici. Iska tana da nauyi. In ta shigo da gudu ta gaban akwati mai tsawo, ba ta son karya kwana ta shiga ramin farko, sai ta wuce ta taru a ƙarshe. Silindar baya tana samun iska fiye da 'yan uwanta, man kuwa daidai ake raba musu, ga shi dama ita ce ta fi nisa da sanyin lagireto. Da na ci gaba a haka, fistin na shida ne zai biya.

Muka yanka bayan akwatin muka leƙa. Bakunan bututun shida a tsaye suke da kaifi kamar an yanke su da zarto, ga ragowar walda a gefen biyu na gaba. Na kwana biyu da ƙaramin injin guga ina zagaye kowane baki har ya yi laɓɓa kamar bakin kakaki, aka mayar aka rufe. Sannan na ƙara wa ta biyar da ta shida ɗan mai a birenbos. Launin fulogin ya matso kusa da juna, ko da yake na shida har yanzu ya fi sauran haske kaɗan.

Akwai kuma abin da na rasa wanda bai dawo ba. Manifol na kamfani dogayen bututu gare shi, da wani bawul a ciki, ACIS, da ke sauya yadda iska ke kai-komo gwargwadon juyin inji. Shi ke ba motar ƙarfin tashi tun daga ƙasa. Sabon gajere ne, sama yake so. Ƙasa da juyi 3,000, kafin turbo ta farka, motar ta fi da nauyi, kuma kullum ina jin haka in zan wuce tirela ban rage giya ba. Abin da na samu shi ne bututu ya gajarta, iska ta daina bi ta kan wuta, turbo tana amsawa da wuri in ta kama, fulogi kuma cikin minti kaɗan nake kai musu.

Mai 90 ɗin yana cikin kwalinsa a saman kabad. Kwanan baya wani matashi mai Golf 1.8T ya gan shi ya ce in sayar masa. Na miƙa masa abin awo na ce ya je ya auno bututun intakularsa tukuna, ya dawo mu yi lissafin tare. Ni kuma duk juyen baƙin mai sai na ciro fulogi na shida na duba shi a rana, har zuwa lokacin da zan samu kuɗin saka wa kowace silinda sansar zafin hayaƙi tata.