Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Na Fara Hawan Tuddai da Keke

A makon jiya na tsaya ne a inda na sayi keken tserena na farko, wani tsohon keke mai siraran tayoyi da lanƙwasasshen kai, bayan na shafe kusan shekara biyu ina tuƙa keken gida a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya. A wannan makon zan ba da labarin tafiyar da ta sauya yadda nake auna hanya, wadda har yau ba na zama in tsara inda zan bi ba tare da ta faɗo mini a rai ba.

A wancan lokacin na saba yin kilomita 60 a safiya ɗaya in dawo da sauran ƙarfina, don haka da na ga wata hanya a taswira mai tsawon kilomita 70, wadda ta kutsa cikin tuddai ta zagayo ta dawo inda ta faro, sai na ɗauka cewa ƙarin kilomita 10 ne kawai a kan abin da na saba. Taswirar tana da wasu siraran layuka masu ruwan ƙasa da suke karkacewa suna matsowa kusa da juna a wasu wurare, amma ban kula da su ba. Daga baya ne na gane cewa kowane layi yana haɗa wuraren da tsayinsu daga teku ya zo ɗaya, kuma duk inda layukan suka cunkushe, to hawa ne mai tsanani yake jiran mutum a wurin.

Na fita da sassafe da gorar ruwa ɗaya da ɗan guzuri a aljihun baya. Tuddan farko gajeru ne, kuma na haye su da ƙarfin tsiya, ina miƙewa tsaye a kan feda ina murna da yadda keken yake amsawa. Wannan shi ne kuskurena na farko, domin ƙarfin da na ɓarnatar a kansu shi ne wanda na nema na rasa da na iso babban hawan, wanda ya fara a wajen kilomita na 30. Hanyar ta tsallake wata 'yar gada a ƙasan kwari, ta sha kwana, sai kawai ta ɗaga kai sama, kuma duk kwanar da na sha ina sa ran ganin ƙarshe, sai in tarar da wani hawan ya miƙe a gabana. Na sauko da giya har na kai ta ƙarshe, na ci gaba da danna abin canja giyar ko da akwai saura, amma babu. Ƙafafuna suna juyawa da ƙyar, numfashina yana fita da ƙara, gumi yana shiga idona, har dai cinyata ta dama ta ɗaure gaba ɗaya, na sauka ba shiri na zauna a kan wani dutse a gefen hanya.

Ina zaune a wurin wani dattijo ya taho a kan kekensa, gashinsa fari fat a ƙarƙashin hular kwano, yana zaune daram a kan sirdi, ƙafafunsa suna juyawa da sauri amma keken yana tafiya a hankali, ko haki ba ya yi. Ya tsaya ya yi mini sannu, sannan ya durƙusa a gefen kekena ya sa yatsa yana ƙirga haƙoran faifan da sarƙa take hawa. Ya ce, "Ɗana, ƙaramin faifanka na gaba haƙori 42 ne, babban na baya kuma 23. Wannan giyar ta 'yan tsere ce, ba ta wanda yake koyon hawa ba." Na ce, "Baba, ni na ɗauka ƙarfi ne ba ni da shi." Ya girgiza kai ya nuna mini nasa, mai haƙori 34 a gaba da 32 a baya, ya ce in ɗaga tayar baya in juya feda sau ɗaya in ga bambancin da idona.

Na yi wannan lissafin a takarda bayan na koma gida, kuma ina ganin ya kamata duk mai son hawan tudu ya yi shi ko sau ɗaya ne. Kewayen tayar keken tsere ya kai kimanin mita 2.1, saboda haka da giyata mafi sauƙi, duk juyin feda ɗaya yana tura ni kusan mita 3.8 a kan hawa, alhali nasa yana tura shi kimanin mita 2.2 kacal. Aikin da nake yi a juyi ɗaya shi yana raba shi kusan gida biyu, shi ya sa gwiwoyinsa ba sa shan nauyin da nawa suke sha, kuma yana iya riƙe juyi 70 zuwa 80 a minti ɗaya yayin da ni nake fama da abin da bai kai rabin haka ba. A shimfiɗaɗɗiyar hanya iska ce babbar abokiyar gabar mai keke, amma a kan hawa nauyin jikinsa da na kekensa ne yake ɗagawa sama, kuma wannan nauyin ba ya sassauta masa ko na daƙiƙa ɗaya, domin da zarar ya daina taka feda keken zai tsaya.

Dattijon ya ba ni ruwa daga gorarsa ta biyu, ya jira har cinyata ta saki, sannan muka ƙarasa hawan tare, ni ina tura keke a wuraren da suka fi tsanani, shi kuma yana tafiya a gefena. A can saman tudun iska mai sanyi ta bugi rigata da ta jiƙe sharkaf, har na fara rawar sanyi da rana tsaka. Ya ce mini duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yana raguwa da kimanin digiri 6, kuma iskar gangara tana ƙara sanyin, don haka shi ba ya fita ba tare da 'yar rigar iska a aljihu ba.

Gangarar ce ta fi ba ni tsoro. Na damƙe birki biyu ban sake ba tun daga sama, hannuwana suka sage, kuma da muka tsaya a tsakiyar hanya ya ce in kai bayan yatsana kusa da ƙarfen tayar, sai na ji zafi yana tashi daga gare shi kamar an ɗauko shi daga wuta. Ya bayyana mini cewa riƙe birki ba sakewa yana zafafa ƙarfen har robar birkin ta rage kamawa, wani lokaci ma tayar ta fashe. Ya ce in riƙa kamawa da kyau ina sakewa, in rage gudu tun kafin in shiga kwana ba a cikinta ba, in ɗaga fedar da ke ɓangaren da nake karkata don kada ta taɓa kwalta, kuma in kai idona inda nake son zuwa maimakon ramin da nake tsoro. Mun rabu a wata mararraba ban ko tambayi sunansa ba, abin da har yau yake damuna.

Na iso gida da la'asar, kuma da na zauna da taswirar na tara hawan da na yi duka, sai na ga ya kai kimanin mita 1,200. Wannan adadin ya zarce hawan Alpe d'Huez na ƙasar Faransa, mai kwana 21 da tsawon kilomita 13.8, inda hanya take tashi da kusan mita 8 a kowace mita 100. Na kuma karanta cewa gasar tseren keke ta Tour de France, wadda aka fara a 1903, ta hau mashigar duwatsu ta Tourmalet a Faransa mai tsayin mita 2,115 tun a 1910, amma ba a yarda mahaya su yi amfani da abin canja giya ba sai a 1937. Kafin lokacin sai mutum ya sauka a gindin dutse ya kwance tayar baya ya juya ta zuwa ɓangaren da faifansa ya fi girma, sannan ya ci gaba. Ina girmama waɗannan mutanen ƙwarai, amma ban ga dalilin da zai sa mai koyo ya jawo wa gwiwoyinsa irin wahalarsu ba alhali maganin yana hannun mai gyaran keke.

Tun daga ranar, kafin in dubi tsawon hanya sai na raba jimlar hawanta da kilomitocinta. A ma'aunina, mita 10 a kowace kilomita hanya ce mai daɗi, amma idan ta doshi mita 20 to yini guda nake ware mata. Ina tsara zagayen ta yadda babban hawa zai zo a rabin farko, ina neman sanin inda zan sami ruwa, kuma na fi son ƙaramar hanya mai ƙarancin motoci ko da ta fi tsawo, domin mai keke a kan hawa yana tafiya a hankali yana ɗan karkacewa, direban da ya fito daga kwana kuwa ba ya ganinsa da wuri.

Bayan mako uku, da sabbin faifai a kekena da gora biyu, na koma wannan hawan. Na shiga giya mai sauƙi tun daga kan gadar, na wuce dutsen da na zauna a kai ina kallonsa, na kai sama ban sa ƙafa a ƙasa ba. Na daɗe a tsaye a wurin ina duban hanyar ko dattijon zai ɓullo, amma bai zo ba. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba da labarin tafiyata ta farko ta kilomita 100 da ruwan saman da ya tare ni a kan gangara.