Kyandir ɗin Ista: kada a kunna shi kafin gari ya yi duhu

A cocin Katolika, ibadar daren Asabar kafin Ista, bikin tashin Yesu daga matattu, ba ta farawa sai duhu ya sauka sosai. Duhun nan shi ne zunubi da mutuwa, kyandir ɗin kuma Almasihu ne. Masu farawa ƙarfe shida don gudun dare, ga rana tana kallonsu, sun zubar da ma'anar tun daga ƙofa.

Ana kashe fitilun coci duka, a hura wuta a waje. Fada, wato limamin cocin, zai zana gicciye a jikin kyandir, Alfa (harafin farko na Girkanci) a sama, Omega (harafin ƙarshe) a ƙasa, da lambobi 4 na shekarar, ya kafa ƙwayoyin turare 5 don raunukan Yesu. Bayan an kunna kyandir ɗin da wutar da aka hura, sau 3 ake ɗaga shi ana rera "Hasken Almasihu". A na biyu ne jama'a ke kunna nasu, kowa daga na kusa da shi, ban da ƙyasta ashana.

Iska ce babbar matsala, sai a sa wa harshen wutar murfin gilashi. A rage lagwani zuwa kamar santimita 1, in ya yi tsawo hayaƙi zai yi. Zafin Maris da Afrilu kuwa yana lanƙwasa kyandir, a ajiye shi a ɗaki mai sanyi.