Hannun shugaban kwaleji a reshen Phi Theta Kappa

Jama'a, reshen Phi Theta Kappa, ƙungiyar haziƙan ɗaliban kwalejojin shekara biyu a Amurka da aka kafa a 1918, ba ya tsayawa da ƙafarsa sai shugaban kwaleji ya sa hannu. Yawanci ana gayyatar ɗalibin da ya kammala kiredit 12 (ma'aunin yawan darussan da ya ci) da matsakaicin maki 3.5 cikin 4 ya shiga ƙungiyar. Matsalar tana wajen kuɗin shiga: ɗalibin da ke aikin dare don biyan haya zai ajiye takardar gayyata ya wuce, sai in kwaleji ta ɗauke masa. Malamin da ke kula da reshe kuwa, in ba a rage masa darussa ba, gajiya za ta ci shi. Aikin da reshe ke yi wa kwaleji ma tare da hukumar makaranta ake zaɓensa, don haka shugaba ya ba su lokacin zama tun farkon zango.